Magarya Da Dungas: Shekara Shida A Lakwal, Amma Yaro Bai Iya Rubuta Takardar Jingina Ba

Duk shekara da zarar bazara ta kawo jiki, manoma suka fara sharar gona suna jiran ruwan shuka, ƙofar masu gari da fadar sarakunan gundumomin Magarya da Dungas kan cika da masu kawo ƙara, kuma da yawa daga cikin ƙararrakin nan a kan gona ne. Wannan ya ce sayar masa aka yi, wancan ya ce jingina ce kawai mahaifinsa ya bayar a shekarar da hatsi ya yi tsada, ga shi kuma ya zo da kuɗi zai fanshi abinsa. Idan aka nemi shaidu sai a tarar ɗaya ya rasu, ɗaya yana Libiya ko Legas wurin biɗa, na ukun kuwa tsufa ya sa ba ya iya tuna ko jikka nawa aka ƙirga a ranar. Idan aka ce to a kawo takarda, sai kowa ya yi tsuru-tsuru.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, a gidajen da ake wannan jayayya da wuya a rasa yaro ko yarinyar da ta yi shekara biyar ko shida tana zuwa lakwal. Yaron ya iya miƙewa tsaye ya gaida mushe da Faransanci, ya hardace waƙoƙi da jadawalin lissafi, yana kuma kwafe duk abin da aka rubuta a babban allo tsaf cikin kaye. Amma a miƙa masa takarda da bik a ce ya rubuta cewa Wane ya karɓi kuɗi kaza daga hannun Wane, ya jinginar masa da gonarsa ta gabas da gari, sai ya tsaya yana kallon takardar, domin ba a taɓa sa shi ya yi irin wannan ba.

Wannan giɓi ne muke son mu duba a yau, wato ƴan gajerun rubuce-rubucen da rayuwar yau da kullum ke buƙata, irin su rasit da takardar bashi da sanarwa da wasiƙa da takardar neman aiki da saƙon waya, da kuma dalilin da ya sa ya kamata makarantun wannan yanki su maida koyar da su aikin kowane mako.

Jama'a ta yi yawa, gona ta yi kaɗan

Magarya tana kimanin kilomita 90 kudu da birnin Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Dungas kuwa a ƙarƙashinta take har zuwa shekarar 2011, lokacin da gwamnati ta ƙirƙiro sababbin gundumomi 27, ta ware ta tare da ƙananan hukumomin Dungas da Dogo-Dogo da Guci da Malawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna akwai mutum sama da dubu 570 a gundumar Magarya, da sama da dubu 350 a ta Dungas, ke nan sun haura dubu 900 idan aka haɗa su, kuma daga wancan lokaci zuwa yau ƙaruwa aka yi. Yankin yana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a duk karkarar Nijar. Wanda ya bi hanyar Bande zuwa Magarya da damina zai ga gero da gyaɗa da wake har bakin kwalta, ga itatuwan gawo birjik a cikin gonaki, amma da ƙyar zai ga saura, wato gonar da aka bari ta huta. Filin da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ne ke rabonsa kunya-kunya.

Inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, dole ciniki a kanta ya yawaita, daga saye da aro da haya har zuwa kyauta da jingina. Jingina ce ta fi jawo rigima, saboda mai gona kan ba da ita ne a lokacin da ya shiga matsi, ko rumbu ya ƙare ko rashin lafiya ta kama iyali, wanda ya ba da kuɗin kuma ya ci gaba da nomanta har ranar da aka maido masa da kuɗinsa. Idan shekaru suka ja, waɗanda suka ƙulla maganar suka kau, sai ƴaƴan wanda ke noman su taso da sanin cewa gonar ubansu ce, ƴaƴan mai ita kuma su taso da labarin cewa tasu ce.

Hukuma ba ta yi shiru a kan wannan ba. Tun watan Maris na 1993 aka kafa dokar karkara da aka fi sani da Code Rural, wadda ta kai ga samar da hukumomin kula da filaye a matakin gunduma da ƙaramar hukuma, har zuwa ƙauye inda ake kiran hukumar COFOB. Mai gari ne shugabanta, tana kuma da sakatare wanda aikinsa cike takardun shaidar sayarwa ko kyauta ko aro ko jingina, masu ciniki da shaidu su sa hannu. Tsari ne mai kyau, sai dai gaba ɗayansa ya rataya ne a wuyan mutumin da ya iya rubutu. Takardun da Faransanci aka buga su, kuma manomin da ba shi da wanda zai karanta masa kafin ya dangwala yatsa, bai san ko kalmar da aka sa a ciki jingina take nufi ko sayarwa ba. A nan ne ɗan lakwal na gida ya kamata ya zama idon mahaifinsa.

Ɗari nawa ne, jikka ta wace ƙasa?

Bayan gona sai kasuwa. Mutumin Magarya da na Dungas da kuɗi iri biyu yake kwana a aljihu, sefa da naira. Daga Magarya ana bi ta Tinkim a faɗa Babban Mutum a nufi Babura da Kano, mutanen Dungas kuwa kowace Alhamis suna kan hanyar kasuwar Maigatari da bisashensu. Bashi da ajiya da sautu su ne ke riƙe da wannan ciniki, kuma akasari da fatar baki ake ƙulla su.

A nan akwai tarkon da sai ɗan ƙasa ya san shi. Mu a Nijar da dala muke ƙirga, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Idan uwa ta ce wa ɗanta ya rubuta mata ana bin wance "ɗari", to 500 take nufi, idan ta ce "ashirin" kuma 100 ce. Yaron da aka koya wa lissafi da Faransanci zalla, ba a taɓa haɗa masa shi da ƙirgan gida ba, sai ya rubuta 100 a inda ya kamata ya sa 500, ya jawo wa uwarsa asarar kashi huɗu cikin biyar na kuɗinta, alhali a aji yana cin lissafi. Haka ma jikka: a wajenmu 1.000 ce ta sefa, amma a ƙetaren iyaka dattawa naira 200 suke kira jaka. Saboda haka takardar da aka rubuta "jikka goma" ba tare da an faɗi kuɗin wace ƙasa ba, rigima ce aka ajiye.

Waɗanda suka ba da bashi ko suka karɓa a farkon 2023 sun ga wannan da idonsu, domin darajar naira ta faɗi ƙwarai a shekarun 2023 da 2024, har ya zama tambayar ko da wane kuɗi za a biya ta raba abokan ciniki na shekara da shekaru. Ga kuma rufe iyaka da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, inda harkoki suka tsaya ko suka koma ta ɓarauniyar hanya, aka daɗe ba a yi lissafi ido da ido ba. A irin wannan hali, wanda ke da ɗan rubutu mai kwanan wata da adadi da sa hannu ya fi samun barci.

Ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Ta yi umarni da a rubuta shi tare da ajalinsa, a samu marubuci mai adalci, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kada a ji ƙyuyar rubutawa komai ƙanƙantarsa. Malamanmu suna karanta ta a tafsiri kowane azumi. Abin da ya rage shi ne a samu marubucin a kowane gida.

Abin da ke zuwa teburin sanarwa

Mu da muke aiki a gidajen rediyo muna cin karo da wannan matsala kusan kowace safiya, domin ta hannunmu sanarwar jama'a ke bi. Za a kawo ƴar takarda a ce ana gayyatar ƴan uwa da abokan arziki ɗaurin aure "gobe", ba rana ba kwanan wata, alhali an ba ɗan aike ita tun shekaranjiya, ba a san wace goben ake nufi ba. Za a kawo cigiyar saniya a ce ta ɓata, wanda ya gani ya taimaka, amma ba a faɗi launinta ko yanayin ƙahonta ko shaidar da ke jikinta ba, ba a kuma ce ga inda za a kai labari ba. Sanarwar rasuwa kan zo da sunan mamaci shi kaɗai, a gari mai masu irin wannan suna ashirin, ba sunan uba ba unguwa. Mai gabatarwa sai ya bar aikinsa ya fita neman wanda ya kawo, in kuwa ya riga ya hau babur ya koma ƙauye, dole a karanta ta haka nan, kuɗin da aka biya ya tafi a banza. Sau da yawa idan aka tambayi wanda ya rubuta, sai a ji ɗan aji shida ne ko ma ɗan koleji.

A ma'aikatu ma haka abin yake. Duk mai neman shiga gasar ɗaukar aiki ko neman wata takarda daga hukuma, ana buƙatar ya haɗa da dimandi, wato takardar roƙo da aka rubuta da hannu aka manna mata tambur. Shi ya sa a bakin kotu da ma'aikatar magajin gari ba a rasa masu ɗan teburi da ke rubuta wa jama'a a biya su. Sana'a ce ta halal, kuma suna fid da mutane kunya, amma abin takaici ne a ga saurayin da ya kai aji uku na koleji yana cikin layin masu jira. Dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwar jariri, in wa'adin ya wuce sai an bi ta gaban alƙali. Iyalin da ke da mai rubuta musu ranar haihuwa da cikakken suna a ɗan littafi, ba za su wayi gari ana rubuta sunan ɗansu iri uku a takardu uku ba. Uwar da aka sallamo daga asibiti da magani kala uku ita ma tana buƙatar wanda zai rubuta mata wanne ne na safe, wanne ne na dare, da ranar da aka ce ta koma.

Me ake yi a cikin aji?

Ba za a ce manhajar makarantun firamare ta manta da rubutu ba. Akwai dikte, akwai nahawu, akwai darasin tsara zance, har da rubuta wasiƙa a manyan azuzuwa. Sai dai a aikace, yawancin lokacin yaro a kwafe da hadda yake ƙarewa. Idan ma aka ba shi aikin tsara zance, sai a ce ya ba da labarin yadda ya yi hutu, cikin harshen da ba ya ji a gida ko a kasuwa, wanda kuma ba mai karantawa sai malami shi kaɗai da jan alƙalaminsa. Yaro ya saba da cewa ana rubutu ne don a samu maki, bai taɓa ganin rubutunsa ya biya wa wani buƙata ba.

Alƙaluma sun nuna girman matsalar. Binciken PASEC, wanda ke auna ƴan makaranta a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya gano a 2014 cewa ƙasa da kashi 10 cikin ɗari na yaran Nijar da ke ajin ƙarshe na firamare ne suka kai matakin da ake buƙata a karatu. A binciken 2019 adadin ya haura zuwa kimanin kashi 30. Ci gaba ne babba, amma ma'anarsa ita ce a wancan lokaci bakwai cikin yara goma suna fita ba su fahimtar abin da suka karanta yadda ya kamata. Karatu ke nan, balle rubutu da ya fi shi wuya.

Malamai ma suna da nasu uzuri. A 2022 hukumomi sun ce akwai azuzuwan zana kimanin dubu 36 a faɗin ƙasar. Irin waɗannan azuzuwa ba sa tsayuwa sai an girbe gero an samu kara, kuma ruwan farko ke tashinsu, wato shekarar karatu ta ragu ta gaba ta ragu ta baya. Ga yawan yara a aji ɗaya, ga ƙarancin littattafai, ga iyayen da ke janye yaro da zarar aikin gona ya taso. Amma wannan uzuri shi ne ma ya ƙara wajabta abin da muke faɗa. Tunda an san yara da dama, musamman mata, ba za su wuce aji shida ba, kamata ya yi ɗan lokacin da aka samu tare da su a tabbatar sun fita da abin da za su yi amfani da shi har tsufansu.

An taɓa yi a nan, kuma an ga amfaninsa

Dattawan yankin ba za su manta da zamanin gyaɗa ba. A 1962 aka kafa kamfanin SONARA mai sayen gyaɗa, da hukumar UNCC mai kula da ƙungiyoyin gama kai, a 1963 kuma aka fara yaƙi da jahilci na manya. A tsakiyar shekarun 1960 aka ɓullo da sabon tsari a ƙasar Magarya da Matamai, inda manoma da kansu suke riƙe da kasuwar gyaɗarsu, su zaɓi mai awo a sikeli da mai rubuta lissafi daga cikinsu. Mutanen da ba su taɓa shiga lakwal ba suka koyi rubuta suna da nauyi da kuɗi da Hausa, saboda sun san kowane kuskure daga aljihunsu zai fita. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun durƙusar da kasuwar, amma darasin yana nan: mutum kan yi saurin koyon rubutun da yake da buƙatarsa.

A 1973 kuma, a unguwar Zangon Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar, inda ake fara koya wa yaro karatu da Hausa kafin a shigar masa da Faransanci. Bin diddigin da aka riƙa yi daga baya ya nuna yaran irin waɗannan makarantu sun fi takwarorinsu fahimtar karatu, kuma Faransancinsu bai gaza ba, sai dai makarantun sun shafe shekaru ba su wuce ƴan gommai ba. A 1999 Ma'aikatar Ilimi ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa, a 2001 aka yi dokar harsunan ƙasa, daga 2015 kuma aka fara gwada sabuwar manhaja mai farawa da harshen gida a makarantu 500.

Akwai wani gwajin da ya shafi jiharmu kai tsaye. A shekarun 2009 da 2010 ƙungiyar agaji ta CRS tare da masana daga jami'ar Tufts ta Amurka sun gudanar da shirin ABC a ƙauyuka sama da ɗari na jihohin Doso da Damagaram. A rabin azuzuwan yaƙi da jahilci an ƙara wa ɗalibai koyon rubuta saƙo a wayar salula. Da aka zo jarrabawa, waɗanda suka koyi aika saƙo sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, kuma bayan watanni da rufe aji ba su manta ba, saboda suna da wanda suke rubuta wa. Kada kuma a manta da ajami, wanda tun kafin zuwan Nasara malaman allo ke rubuta wasiƙa da shi, har gobe kuma akwai ƴan kasuwar da da shi suke riƙe lissafinsu.

Yadda malami zai ɓullo wa abin

Wannan aiki ba ya buƙatar sabon gini ko kuɗin ƙasashen waje. Abu na farko shi ne yaro ya riƙe tambayoyi biyar kamar yatsun hannunsa: wane ne, mene ne, nawa ne, yaushe ne, a ina ne. Duk sanarwa ko rasit ko saƙon da ya amsa waɗannan ya cika, wanda ya rasa ɗaya kuma ya gurgunce. Malami zai iya kawo takardu na gaske cikin aji, kamar tsohon rasit na kanti ko katin ɗaurin aure, yara su nemo amsar kowace tambaya a ciki, su kuma gano wadda aka manta.

Daga nan sai a bi mataki-mataki. Ƴan aji biyu su iya rubuta cikakken sunansu da na uba da na ƙauye da kwanan wata. Ƴan aji uku da huɗu su rubuta jerin sautu, da takardar neman izini idan ba su da lafiya, da saƙon layi biyu zuwa ga yaya da ke wurin biɗa. Ƴan aji biyar da shida su kai ga sanarwa da cigiya da rasit da wasiƙa da dimandi da takardar bashi. A nan ne za a haɗa musu ƙirgan dala da na tamma, a kuma saba musu da rubuta kuɗi sau biyu, da haruffa da lambobi, tare da faɗin ko sefa ne ko naira. Ga misalin abin da ɗan aji shida ya kamata ya iya rubutawa ba tare da an taya shi ba:

"Yau ranar kaza ga watan kaza, shekara kaza, a garin kaza, ni Wane ɗan Wane na karɓi jikka ɗari da hamsin na sefa, wato 150.000 F, daga hannun Wane ɗan Wane. Na jinginar masa da gonata da ke arewa da gari, wadda ta yi iyaka da gonar Wane daga gabas, da burtali daga yamma, da gonar Wane daga kudu, da hanyar kasuwa daga arewa. Jingina ce, ba sayarwa ba. Ranar da ni ko magadana muka maida kuɗin, bayan an kawar da amfanin gona, gona ta dawo hannunmu. Shaidu: Wane da Wane."

Layi shida ne ko bakwai, amma babu ƙofar da ya bari a buɗe. Ba zai maye gurbin takardar hukumar filaye ba, sai dai yaron da ya iya tsara wannan da Hausa zai gane abin da ake tambaya a kowane gurbi na takardar Faransanci, ya kuma san inda zai sa ido.

Abu na biyu, a bar rubutun ya isa hannun wanda aka yi dominsa. Idan kwamitin iyaye na COGES zai yi taro, ƴan aji shida su rubuta takardun gayyata su kai gida-gida. Idan akuyar wani ta ɓata a ƙauye, aji ya tsara cigiyar. Makarantar Waca ta yi musayar wasiƙa da ta Yekuwa, ta Guci da ta Malawa, direban motar kasuwa ya zama ɗan aike. Wani malamin ƙauye a Faransa mai suna Célestin Freinet ya yi suna tun shekarun 1920 da irin wannan musayar wasiƙa tsakanin makarantu. Wajen gyara kuma, maimakon malami ya cika takarda da jan alƙalami, sai ya miƙa ta ga wani yaron ya karanta da ƙarfi, a tambaye shi ko ya gane inda za shi da ranar da za shi. In bai gane ba, marubucin ya sake. Inda babu kaye, ɗan allon hannu da alli sun isa.

To, ai ga waya

Wasu za su ce zamanin wasiƙa ya wuce, tunda yanzu ko tsohuwa ta iya danna WhatsApp ta aika murya har Aljeriya. Gaskiya ne saƙon murya ya sauƙaƙa zumunci, amma waya kan faɗa ruwa, a sace ta, ko ta cika a goge abin da ke ciki, kuma da wuya a nemo maganar da aka yi shekara bakwai da suka wuce a gaban mai gari. Ita kanta wayar ma rubutu take nema. Wanda zai aika kuɗi ta Nita ko Al Izza ko Amana dole ya ba da sunan mai karɓa daidai da yadda yake a katinsa, da lambar waya ba kuskure, mai karɓa kuma ya iya karanta saƙon da ya shigo masa.

Wasu iyayen kuma na cewa sun kai ɗansu lakwal ne don ya ji Faransanci ya zama ma'aikaci, Hausa kuwa ai da ita aka haife shi. Jin Hausa daban, iya rubuta ta daban. Ba kuma cewa ake a bar Faransanci ba, domin har yanzu da shi ake cike takardun ma'aikatu. Abin da ake nema shi ne yaro ya fara tsara maganar cikin harshen da yake tunani da shi, sannan a nuna masa yadda ake faɗinta da Faransanci, takardun biyu gefe da gefe. Kundin sake gina ƙasa da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan matsayi zai yi tasiri a Sassumburum ko Dogo-Dogo ne kawai a ranar da talaka ya iya rubuta buƙatarsa da Hausa, ma'aikaci kuma ya karɓa ya yi aiki da ita.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Muna kira ga Ma'aikatar Ilimi da ta sa irin wannan rubutu cikin jarrabawar sartifika da aka maido a 2024, domin kowa ya san abin da ake tambaya a jarrabawa shi malami ke ba ƙarfi. Sufetocin makarantu na Magarya da Dungas su ware ko da awa ɗaya a mako, su kuma sa batun cikin tarukan ƙara wa juna sani na malamai, tunda malamin da ba a koya wa ƙa'idar rubutun Hausa ba ba zai koyar da ita ba. Hukumomin filaye da ƙananan hukumomi su ba makarantu samfurin takardunsu, in da hali a buga su da harsuna biyu. Sarakuna da masu gari su riƙa neman a rubuta duk cinikin gonar da aka yi a gabansu, limamai kuma su tunatar da jama'a hukuncin rubuta bashi. Mu ma a gidajen rediyo muna iya ware ƴan mintoci muna karanta sanarwar da ɗalibai suka tsara da kansu, tare da faɗin sunan makarantarsu.

Ku kuma iyaye, ba sai kun jira kowa ba. Yau da dare a kira yaro ko yarinya, a ba su takarda su rubuta buhu nawa aka samu bana, wa ake bi, wa ke bin gidan, da kuma ranar da aka yi alkawarin biya. In sun iya, a gode wa Allah a adana takardar. In sun kasa, gobe da safe a taka har makaranta a tattauna da malaminsu cikin mutunci. Allah ya sa mu dace, ya kuma ba mu damina mai albarka.